Darasin Wannan Wata: 'Yancin Addini a Gaban Alƙali

Wurin karatu: Ayyukan Manzanni 16:35-39, 22:24-29, 25:9-12. Shugaban taro ya sa mutum uku su karanta da ƙarfi kafin a shiga darasin.

Kun saba jina a kan maganar taki, da rumbun albasa, da maganin ƙwarin wake. Wannan wata na jingine fartanya, zan yi maganar kotu. Dalili kuwa shi ne, ran nan bayan mun tashi daga taron ƙungiya wani dattijo a cikinmu ya ja ni gefe. Ɗansa ya sami wani saƙo a waya a kan addini, ya tura wa abokan karatunsa, uban kuwa kwana biyu bai runtsa ba. Ya ce mini, "Malam, in aka zo aka kama yaron nan, ina zan bi?" Na ba shi amsa a tsaye, amma da na isa gida na ga amsar ba ta ƙoshi ba. Ni malamin makaranta aka horar da ni, aikin gona nake koyarwa, ba lauya ba ne. Duk da haka na zauna na bi shari'o'in da aka yi a ƙasarmu ɗaya bayan ɗaya, don in ga yadda aka ci su da yadda aka faɗi.

Abin da na tarar shi ne wannan. Waɗanda suka tsira a kotu, ƙananan ƙa'idoji ne suka tsirar da su: kwanan wata, samun lauya, ɗaukaka ƙara kafin lokaci ya ƙure. Ƙa'idojin nan kuwa ba su tambayar mutum inda yake sujada. Wadda ta ceci Musulma a Gwadabawa ita ce za ta ceci Kirista a Illela.

Abin da aka rubuta

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 yana da sashe na 38. Ku riƙe lambar nan kamar yadda kuke riƙe da iyakar gonarku. Sashen ya ba kowane mutum 'yancin bin addinin da ya zaɓa, da 'yancin sauya addini, da yin sujada shi kaɗai ko cikin jama'a, da koyar da addininsa da yaɗa shi. Ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ya zama na gwamnati. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa.

Amma fa akwai sashe na 45, wanda ya yarda a yi dokar da za ta rage wannan 'yanci domin tsaron jama'a, da zaman lafiya, da kare haƙƙin waɗansu. Yawancin gardamar lauyoyi a tsakanin 38 da 45 take. Wannan ya ce 'yancina ne, wancan ya ce zaman lafiya ya fi.

Ba jiya aka fara wannan ja-in-ja ba. A 1957, da mulkin kai ya gabato, ƙananan ƙabilu suka nuna tsoron za a danne su, Turawa suka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink. Rahotonsa na 1958 bai yarda a ƙara jihohi ba, sai ya ba da shawara a rubuta haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta shi cikin na 1960. A Afrilu 1978 wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara tsarin mulki a Legas a kan maganar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya. A Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani na Zamfara ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jihohi 12 na Arewa suka bi wannan hanya, har da tamu. A Sakkwato, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, dokar hukunta laifi ta Shari'a ta soma aiki a Janairu 2001. Ku lura da wannan wata, za mu komo kansa yanzu.

Matar Tungar Tudu

Duk wanda ya hau mota daga Illela zuwa Sakkwato yana ratsa Gwadabawa. A ƙasar Gwadabawa akwai ƙauye da ake kira Tungar Tudu, a nan wata bazawara mai suna Safiya Hussaini take zaune. Ta haihu ba ta da miji, aka kai ta gaban babbar kotun Shari'a ta Gwadabawa bisa zargin zina. Mutumin da ta ambata ya yi musu, ba a sami shaidu huɗu a kansa ba, aka sallame shi. Ita kuwa ga jaririya a hannu. Ba ta da lauya. Ran 9 ga Oktoba 2001 aka yanke mata hukuncin jifa.

Wani zai ce, "Malam, ina ruwanmu? Musulma ce, kotun Musulmi ce, laifin kuma ba na sauya addini ba ne." Ku yi haƙuri ku ji yadda ta fita, gama a nan darasin yake.

Lauyoyi suka shigo, babbansu Abdulkadir Imam Ibrahim, da taimakon ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB. Suka ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Sakkwato. Ba su je suna zagin Shari'a ba. Da littattafan Malikiyya suka shiga, suka kawo hujja cewa cikin bazawara shi kaɗai bai isa shaidar zina ba, tun da malaman mazhabar sun yarda ciki yana iya daɗewa, a jingina shi ga tsohon miji. Sa'an nan suka ɗauko kalanda. An haifi jaririyar a farkon 2001. Ko wanda bai shiga aji ba ya iya ƙirga wata tara baya, ya ga an ɗauki cikin a 2000. Dokar kuwa sai Janairu 2001 ta soma aiki. Sashe na 36 na tsarin mulki ya hana a hukunta mutum da dokar da ba ta nan sa'ad da ya yi abin. Ban da haka, ba a bayyana mata tuhumar sosai ba yadda ƙa'ida ta ce. Ran 25 ga Maris 2002 kotun ta rushe hukuncin, ta sallame ta.

Duniya ta yi ta surutu a kan wannan shari'a, har birnin Roma ya ba Safiya takardar zama 'yar gari ta girmamawa a Satumba 2002. Amma ba mutanen Roma suka sa hannu a hukuncin ba. Alƙalai Musulmi ne, a Sakkwato, suka dubi kwanan wata suka ce kotun ƙasa ta yi kuskure. Haka ma aka yi da Amina Lawal ta Kurami a jihar Katsina, wadda kotun Bakori ta yanke wa irin wannan hukunci a Maris 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta Katsina ta sallame ta ran 25 ga Satumba 2003.

Yanzu ku tambayi kanku: da ba ta ɗaukaka ƙara ba fa? Matar ƙauye ce, ba ta yi boko ba, ba ta da kuɗin lauya. Kuskuren yana nan cikin takardun kotu tun ranar farko, amma kuskure ba ya gyara kansa, sai wani ya ɗauke shi ya kai gaba. Wata biyar da rabi ta yi da hukuncin kisa a kanta kafin a gyara.

Inda ba a jira kotu ba

Ina so in ce kullum haka ake gamawa, amma mu mutanen jihar Sakkwato mun san ba haka ba ne.

Ran Alhamis 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, aka kashe Deborah Samuel Yakubu, ɗaliba Kirista 'yar Tungan Magajiya a ƙasar Rijau, jihar Neja. An zarge ta da ɓatanci ga Annabi Muhammadu cikin wani saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Masu gadi suka ɓoye ta a ɗakinsu, taron jama'a ya fi ƙarfinsu, aka jefe ta, aka ƙone gawar. Ni ma a makarantar horon malamai na yi karatu, na san yadda 'yan aji ɗaya suke cin tuwo a kwano ɗaya, suna aron littafin juna. Shi ya sa har yau in na tuna abin sai jikina ya yi sanyi.

Fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah ma haka. 'Yan sanda suka kama mutum biyu. Ran 14 ga wata aka yi zanga-zangar neman a sake su, aka taɓa majami'u da shaguna, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita. Da aka kai mutanen biyu kotun majistare, ba da kisan kai aka tuhume su ba, sai da haɗa baki da ta da hankalin jama'a. Lauyoyi 34 suka tsaya musu. A Janairu 2023 kotun ta sallame su, domin masu gabatar da ƙara sun daina zuwa. Shari'ar ta ƙare ba a hukunta kowa ba.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci. Alƙalin da ya sallame su ƙa'ida ya bi, gama ba a tsare mutum har abada in mai ƙara bai zo ba. Ƙa'idar da muke yabo a shari'ar Safiya ita ce ta buɗe musu ƙofa. Laifin yana wurin waɗanda aka ba aikin kawo shaida suka ƙi kawowa. Waɗanda ake zargi sun sami lauya 34, wadda aka kashe kuwa ko mai ƙara ɗaya bai tsaya mata har ƙarshe ba. Shari'ar da ba mai binta kamar gonar da ba mai nome ta ce, ciyawa ce za ta gaje ta.

Kada kuma mu ɗauka Kirista kaɗai wannan wuta take ci. Ran 25 ga Yuni 2023, a mahautar Sakkwato, taron jama'a ya kashe wani mahauci mai suna Usman Buda bisa irin wannan zargi. Musulmi ne. Shi ma ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a tambaye shi abin da yake nufi ba.

Damina biyu a kurkuku

Labarin da ya fi kusa da tambayar dattijon nan namu shi ne na Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a ƙasar Warji, jihar Bauchi, uwar 'ya'ya biyar. Kwana kaɗan bayan kisan Deborah ta tura wani bidiyo mai yin tir da kisan a zauren WhatsApp na abokan aikinta. Ba ita ta yi bidiyon ba, turawa kawai ta yi. Rikici ya tashi a garin, aka kama ta ran 20 ga Mayu 2022. Sau da sau aka nemi belinta aka hana. Sai Disamba 2023 aka ba da ita beli, bayan kusan wata 19 a tsare. A Disamba 2024 babbar kotun jihar Bauchi ta wanke ta sarai.

Ta ci shari'a. Amma ku ƙirga da lissafin manomi: daminar 2022 da ta 2023 duka a kurkuku ta yi su. Da namiji ne mai gona, wa zai yi masa shuka, wa zai yi noman fari da maimai, wa zai biya bashin takin da ya ɗauka a ƙungiya? Hukuncin da ya wanke mutum ba ya mayar masa da gero.

Akwai wani abu cikin shari'ar Rhoda da ya kamata ya gyara mana tunani. Mun saba cewa, "Kotun Shari'a ba ta da iko a kanmu." Gaskiya ne, dokar hukunta laifi ta Shari'a Musulmi ta shafa, wanda ba Musulmi ba kuwa ba a kai shi gaban alƙalin Shari'a sai da yardarsa. Amma Rhoda ba kotun Shari'a aka kai ta ba. Babbar kotun jiha ce, da dokar final kot da dokar laifuffukan intanet. Final kot ɗin nan tun 1960 take aiki a Arewa, sashe na 210 nata ya hana cin mutuncin addinin wani ta hanyar da za ta iya ta da fitina, kuma kowa ta shafa, Kirista da Musulmi da wanda ba ya bin ko ɗaya. Wanda ya tura saƙo yana iya amsa tuhuma daidai da wanda ya rubuta shi.

Ni a ganina, ko da babu doka, bai dace mai bi ya zagi abin da maƙwabcinsa yake girmamawa ba. Muna sayen iri a wurinsu, suna sayen albasa a wurinmu, rijiya ɗaya muke ɗiba. Amma tir da kisan kai ba zagi ba ne, kotun Bauchi kuwa daga baya ba ta sami Rhoda da laifi ba.

Kano da Legas

Shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli a kan dokar ɓatanci ta wani saurayi Musulmi ce, Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙi ɗan ɗariƙar Tijjaniyya a Kano. A farkon 2020 ya aika wata waƙa ta WhatsApp, aka ce ta yi ɓatanci, aka ƙone gidan iyayensa. Ran 10 ga Agusta 2020 babbar kotun Shari'a ta Hausawa Filin Hoki ta yanke masa hukuncin rataya, aka ba shi kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. A Janairu 2021 babbar kotun Kano ta rushe hukuncin. Dalili? An yi masa shari'a ba lauya. Ga ƙaramar ƙa'ida kuma ta sake ceton rai. Sai dai kotun ta ce a sake shari'ar, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan haka a Agusta 2022, alƙalai biyu a kan ɗaya. Lauyansa Kola Alapinni ya kai maganar Kotun Ƙoli, yana neman a ce dokar kanta ta saɓa wa tsarin mulki. A Satumba 2025 Kotun Ƙoli ta ba su damar shigar da ƙarar ko da lokaci ya wuce. A lokacin Yahaya ya haura shekara biyar a tsare. Kotun ECOWAS kuma, ran 9 ga Afrilu 2025, ta ce sassan dokokin Kano na ɓatanci sun saɓa wa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da Nijeriya ta sa wa hannu, gwamnatin Kano ta ce ba za ta janye su ba.

Ta Legas daban take. A 2013 aka shigar da ƙara a madadin waɗansu 'yan mata biyu Musulmi da aka hana sa hijabi a makarantar gwamnati. Suka faɗi a babbar kotu a 2014, suka ci a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, ran 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar musu, alƙalai biyar a kan biyu. Shekara tara ke nan. Na ji waɗansu 'yan'uwanmu suna gunaguni a kan wannan hukunci, ni kuwa ban bi su ba. Da sashe na 38 'yan matan suka ci. A Legas Musulma ce ta nemi inuwarsa. A nan Illela 'yarka ce za ta neme ta, ranar da wani malami ya ce dole ta zauna ajin addinin da ba nata ba. In an sare itacen don a hana waccan inuwa, taka 'yar ma rana za ta sha. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da Bulus ya yi

Akwai masu cewa mai bi ba ya zuwa kotu, addu'a kawai zai yi ya bar wa Allah. Ku koma wuraren da muka karanta. A Filibi aka yi wa Bulus da Sila dūka a fili ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Sun yi addu'a da waƙa cikin dare. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi fita, ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. A Urushalima an riga an ɗaure shi za a yi masa bulala, ya tambayi jarumin ko doka ta yarda a bugi ɗan Roma da ba a hukunta ba, aka janye. A Kaisariya ya yi shekara biyu a tsare don gwamna yana neman farin jinin jama'a. Da ya ga sabon gwamna, Festas, zai mai da shi hannun masu neman ransa, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Bulus ya san dokar ƙasarsa, ya yi aiki da ita, bai zagi alƙali ba, bai kuma tara jama'a su fasa kurkuku ba.

Amsar da ta kamata in ba dattijon

In an kama naka, abu na fari shi ne ka san inda aka kai shi, ka rubuta rana da sa'a da sunan ofishin. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har ya ga lauya ko wanda ya zaɓa, kuma cikin sa'a 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu. In wata biyu ya cika yana tsare ba a yi masa shari'a ba, ya cancanci a sake shi ko a ba da beli, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. A kotu yana da ikon samun lauya, da tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. In an yanke hukunci, a ranar ku tambayi kwana nawa aka bayar na ɗaukaka ƙara, ku nemi kwafin hukuncin. Wanda ba shi da kuɗi, gwamnati ta kafa Hukumar Ba da Lauya Kyauta tun 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tun 1995, suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Sashe na 46 ya ba duk wanda aka take masa haƙƙi dama ya kai kuka babbar kotu.

In kuwa jama'a ce ta taso, babu zancen sashe. A fitar da mutum daga garin nan take, a kai shi hannun hukuma ko wuri mai nisa, a sanar da fasto da hakimi da limamin da ake jin maganarsa. Irin wannan sanayya ba a ƙulla ta ranar tashin hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar fili ma ta shiga nan, gama yawancin rigimar addini da ƙungiyoyinmu suke gamuwa da ita a kan ƙasa take farawa. Na san wata ƙungiya, ba zan faɗi garin ba, da ta sayi fili da baki kawai, da shaidu biyu da goro. Suka gina rumbu, daga baya suka soma yin addu'ar safe a wurin. Da mai sayarwa ya rasu magada suka ce ubansu don noma ya sayar, ba don majami'a ba. Shaidu ɗaya ya mutu, ɗaya ya ƙaura. Ƙungiyar ta rasa rumbu da fili, ta kuma koma tana cewa tsanani ne. Wataƙila akwai ƙiyayya a ciki, amma da akwai takarda da ba su sami ƙofa ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a filin karkara. Ku neme ta, ku rubuta a fili abin da za a yi da wurin, in an hana ku kuwa ku roƙi a ba ku dalilin a rubuce, gama da wannan takarda lauya zai ɗaga sashe na 42. Hanawar baki ba ta zuwa kotu.

Mu na bakin iyaka akwai ƙari. Da yawa cikinmu muna da dangi a Birnin Ƙonni, muna kai marasa lafiya asibitin Galmi, ran Lahadi kuma kasuwar Illela takan cika da mutanen ƙetare. Duk sassan da na lissafta a bakin iyaka suke tsayawa. Sojojin da suka karɓi mulkin Nijar a Yuli 2023 sun dakatar da tsarin mulkin 2010, ƙasar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Mun kuma tuna yadda aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015 saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, abin da Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki ko kaɗan. Wanda ya ƙetara ya riƙe takardunsa, ya riƙe bakinsa da wayarsa.

Aikin taro mai zuwa

Ina ba da shawara kowace ƙungiya ta tattauna buɗe asusun shari'a. A kaka kowane mamba ya ba da tiya ɗaya ta gero ko kuɗinta, ma'aji ya ajiye daban da kuɗin taki, don kuɗin mota da na lauya. A kuma rubuta cikin dokokin ƙungiya cewa in an tsare mamba, za a yi masa gayya a gonarsa, a ɗaga masa biyan bashi har ya fito. Ga tambayar da nake so ku yi gardama a kanta sosai, ku aiko mini da abin da kuka yanke: in maƙwabcinmu Musulmi, wanda muke noman rani tare da shi a fadama, shi ne aka yi wa irin wannan zargi, asusun zai taimake shi, ko kuwa na 'yan ikkilisiya ne kaɗai? Ni na san tawa amsar, amma kuɗin naku ne.

Magatakarda ya zo da duk takardun filin ƙungiya da na rumbu, a duba wanne ke da sa hannun ƙaramar hukuma, wanne babu. Iyaye kuma su zo da samari da 'yan mata masu waya, a sake karanta musu labarin Rhoda Jatau. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ajiyar albasa.